Kayan Koyar da Karatu a Ƙasar Gumel

Jawabi ga hakimai da malamansu na Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar

 Maƙasudin wannan jawabi shi ne a yi bayani a kan kayan da ake koya wa yara karatu da rubutu da iya magana da su, sa'an nan a nuna abin da hakimi da malaminsa ke iya yi game da su ba tare da an jira wani ya zo daga Dutse ba.

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Gumel zuwa Maigatari, ko ya ratsa ƙauyukan Sule Tankarkar da na Gagarawa, zai ga makarantun firamare a garuruwan da kakanninmu ba su taɓa zaton za a gina makaranta ba. Wannan abin godiya ne. Amma fa gini ba ya koya wa yaro karatu. A cikin shekarar 1976 aka buɗe ƙofar firamare ga kowane yaro kyauta, a 1999 kuma aka sake sabon shiri mai faɗi, yara suka yi ta shiga. Duk da haka, lissafin da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a 2022 ya nuna cewa a ƙasashen Afirka na kudu da Sahara kusan yara tara cikin goma suna kai shekara goma da haihuwa ba su iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi ba. Watau yaro ya yi shekara huɗu yana zuwa makaranta, uwa tana wanke masa riga, uba ya haƙura da taimakonsa a gona, a ƙarshe a miƙa masa takardar asibiti ya kasa faɗin abin da ke ciki. Uban da ya ga haka ba zai sake aika ƙanen yaron ba, ba kuwa za a ce ya yi rashin hankali ba.

Abin da aka gada

Ƙasar Gumel ba baƙuwar alƙalami ba ce. Tun tana ƙarƙashin inuwar Barno, kafin a komo da gidan sarauta daga Tumbi, akwai allo da tawada a zaurukanta. Ya kamata a dubi hikimar malamin allo, gama akwai darasi a cikinta. Kowane almajiri yana da allonsa na kansa, ba mai leƙa na wani. Kayan aikin duka daga ƙasar ake samunsu: allo daga masassaƙi, alƙalami daga gamba, tawada daga gawayi da ƙaro. Karatun kuwa hawa hawa ne, a fara da babbaƙu, a zo farfaru, sa'an nan a shiga haɗawa, ba a kuwa wanke wa yaro allo sai ya iya abin da ke kai. Masanan zamani sun yi ta bincike da kuɗi masu yawa, ga shi kuwa abin da suka gano bai yi nisa da wannan ba.

Ta wajen boko, aikin samar da abin karantawa da Hausa ya soma ƙarfi ne a Zariya. A 1933 aka yi gasar ƙaga labarai a ƙarƙashin Dokta Rupert East, aka sami Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam, da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. Daga baya Malam Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce littafi uku, musamman domin 'yan makaranta. A watan Janairu na 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita. Da aka shiga shekarun 1950 sai Gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura Yaƙi da Jahilci, Malam Ahmadu Kumasi yana cikin manyan jagororinsa. Aka buɗe azuzuwan manya a garuruwa da ƙauyuka, wanda ya ci jarrabawa a ba shi takardar shaida. Waɗanda suka shirya yaƙin sun lura da abu guda: mutumin da ya koyi karatu, in bai sami abin karantawa ba, bayan damina ɗaya sai ya manta. Saboda haka daga 1954 zuwa 1959 hukumar NORLA ta yi ta buga ƙananan littattafai masu araha, har da jaridun larduna, Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato, Sodangi kuma ta Lardin Kano, inda Gumel take a lokacin. A wannan yaƙi hakimai da dagatai ne ke tara mutane, su ba da zaure, su zo ranar raba takardun shaida. A 1980 kuma Jihar Kano ta kafa hukumar ilmin manya, Gumel na cikinta, tun da sai a 1991 aka yanki Jihar Jigawa.

An kawo wannan tarihi ne don a san cewa sarauta ta daɗe da hannu a cikin sha'anin. Gaskiya ne tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 makarantu sun fita daga hannun En'e. Yau Hukumar Ilmin Bai Ɗaya ta Jiha ce ke riƙe da firamare, a kowace ƙaramar hukuma kuma akwai Sakataren Ilmi. Amma har gobe in hakimi ya ce zai zo gari, sai an share fili.

Kayan farko: harafi da gaɓa

Hausa tana da sauƙin koyon karatu fiye da Turanci, domin galibi yadda aka rubuta haka ake faɗi. Wasula biyar ne. Yaron da ya san muryar kowane baƙi, ya kuma iya haɗa shi da wasali, b da a ba, k da i ki, to ya karanta baki, ko da bai taɓa ganin kalmar a rubuce ba. Daga nan sai a shigar masa da tagwayen baƙaƙe, irin su sh da ts da kw da gy, a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Kuskuren da ya fi yawa a azuzuwan farko shi ne a sa yara su yi ta rera A, B, C da sunayensu na Turanci wata da watanni. Yaro ya haddace waƙar sarai, amma in an nuna masa harafi a tsakiyar kalma sai ya yi shiru, domin sunan harafi aka koya masa, ba muryarsa ba.

Kayan wannan mataki ba sa bukatar kuɗin Gwamnati. Kwalin taliya ko na sabulu da 'yan tireda ke zubarwa, in an yanka shi kamar tafin hannu, an rubuta harafi ɗaya babba a kan kowane yanki, ya zama kati. Yaro ya ɗauki biyu ya haɗa gaɓa, ya ƙara biyu ya haɗa kalma, ya juya su ya ga kalmar ta sake. Tsohon buhun riɗi, in tela ya ɗinka masa aljihuna jere jere aka rataye a bango, ya zama wurin jera katunan inda duk aji zai gani. Murafun kwalba ma suna ɗaukar harafi. Ga kuma rairayi, wanda Allah ya hore wa ƙasar nan ba iyaka: yaron da ba shi da littafin rubutu ya fita gindin bishiya, ya share gabansa, ya rubuta da tsinke, ya goge, ya sake, har hannunsa ya faɗa. Malamin da ya ce ba ya iya koyar da haruffa don ba a aiko da kaya ba, a tambaye shi ko kasuwa ta daina zubar da kwali.

A nan akwai magana ta musamman ga malaman hakimai, su da alƙalami ke hannunsu kullum. Haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, ba ado ba ne. Kafa dabam, ƙafa dabam. Baki dabam, baƙi dabam. Bari dabam, ɓari dabam. Wanda ya rubuta wa dagaci cewa a shirya tarbar baki, ya bar mai karatu da aikin cinta. Haka kuma raba kalmomi: akan yi taro, amma a kan tebur, yana zuwa, ba ya na zuwa ba. Takardar da ta fito daga ofishin hakimi ana karanta ta a bainar jama'a, wani lokaci ɗan makaranta ake kira ya karanta, to in ya ga ofis bai kula da ƙugiya ba, shi ma ba zai kula ba. Wayoyin hannu na yanzu ana iya sa musu jerin haruffan Hausa, saboda haka uzurin keken rubutu ya ƙare.

Littafi a hannun yaro

Kati da rairayi suna kai yaro ga kalma, amma ba sa kai shi ga labari. Nan ne littafi ya zama tilas. Littafin aji ɗaya na kirki ana gane shi da alamu kaɗan. Haruffansa manya ne. Kowane shafi ba ya ɗauke da harafin da ba a riga an koyar ba. Labarinsa na abin da yaro ya sani ne, akuya da rijiya da amalanke, ba jirgin ruwa da dusar ƙanƙara ba. Yana kuma tafe da jagoran malami mai nuna abin da za a yi kowace rana. Dattawa da yawa za su tuna Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu, da su suka buɗe ido. A zamanin nan an yi sababbi bisa wannan tsari na hawa hawa. Shirin ESSPIN, wanda Ingila ta ba da kuɗinsa, ya fara aiki a Jigawa da wasu jihohi a 2008, ya shirya wa malamai tsararrun darussa, ya kuma ƙarfafa kwamitocin kula da makarantu. Shirin RANA ya yi littattafan Hausa na azuzuwan farko a Katsina da Zamfara. A Sakkwato da Bauchi kuma an yi Mu Karanta da taimakon Amurka. Ashe dai ba a rasa littafin da za a buga ba. Wuyar aikin tana wajen kai shi hannun yaro, da barinsa a hannun.

Ga yadda abin ke faruwa a wurare da yawa. Mota ta kawo littattafai, shugaban makaranta ya sa hannu ya karɓa. Sai tsoro ya kama shi, kada yara su yayyaga a zo bincike a ce ya yi sakaci. Ya zuba su cikin kabad ya kulle, ko ya bar su a ƙulle cikin kwalinsu a ƙasa. Damina ta zo, rufi ya yi yoyo, gara ta shiga ta ƙasa. Bayan shekara biyu a buɗe a tarar da rabi ya zama ƙasa, yaran da aka aiko dominsu kuwa sun wuce aji uku ba su taɓa shi ba. Wani wurin kuma, abin kunya, sai a ga shafin littafin makaranta an ƙunshe ƙosai da shi a tasha. Ya kamata hakimai su faɗa wa shugabannin makarantu a fili cewa littafin da ya tsufa a hannun yara ba laifi ba ne, shi aka saya domin haka. Wanda za a tambayi dalilinsa shi ne littafin da ya shekara yana sabo.

Littafi ɗaya kuma ba ya isa. Yaron da ya karanta littafin aji sau goma ya haddace shi, ya daina karatu ya koma tilawa. Yana bukatar wasu labarai da bai taɓa gani ba. Akwai wata taska ta labaran yara a intanet mai suna African Storybook, wadda aka kafa a Afirka ta Kudu, tana da labarai da Hausa, an kuma yarda kowa ya buga kyauta. Shagon buga takardu a Gumel ko Maigatari yana iya fitar da su a ɗinke. Mafi kyau ma a rubuta na gida. Kowane gari yana da tsohon da ya san yadda aka kafa shi, wa ya haƙa rijiyar farko, daga ina Mangawa suka zo, yaya aka ji ranar da jirgin ƙasa na hanyar Nguru ya fara tsayawa a Gagarawa Tasha. Malamin hakimi ya zauna da irin waɗannan tsofaffi, ya rubuta da gajerun jimloli, shafi ɗaya ko biyu, a ba makaranta. Ɗaliban Kwalejin Ilmi ta Gumel da ke fita koyon aikin koyarwa suna iya taimakawa da wannan. An jefi tsuntsu biyu ke nan, gama tsofaffin nan ba za su dawwama ba.

Iya magana

Ana yawan mantawa da wannan, alhali kuwa baki ya riga alƙalami. Yaron da ba ya iya ba da labari a jere da bakinsa, ba zai iya rubuta shi a jere ba. A azuzuwa da yawa malami ne kaɗai ke magana, yara sai amshi. Ya faɗa su maimaita, ya tambaya ko sun gane su ce e, a tashi. Kayan gyara wannan suna cikin gidajenmu: tatsuniya, da kacici-kacici, da karin magana, da 'yar wasan kwaikwayo. Malami ya karanta labari ya tsaya a tsakiya, ya tambayi yara me suke zato zai faru, don me. Ya aiki yaro da saƙo mai gaɓa uku zuwa wani aji, ya ga ko zai isar da shi daidai. Ya sa biyu su yi ciniki, ɗaya mai raƙumi ɗaya mai saye, na uku dillali. A manyan azuzuwa a sa su rubuta wasiƙa ta gaske, zuwa ga dagaci a kan famfon da ya lalace, a kuma kai masa, ya ba da amsa. A lura da 'yan mata ƙwarai a wannan darasi, don in ba a kira sunansu ba sai maza su cinye lokacin duka.

Maigatari tana da nata hali. Ranar Alhamis kasuwa ke ci, dabbobi na shigowa daga Nijar, fatake na zuwa daga kudu, yara da yawa kuwa suna can maimakon aji. Tun da haka ne, kasuwar ta zama littafi. Ran Juma'a malami ya tambayi abin da suka gani, a rubuta a allo da kalmominsu, su karanta abin da suka faɗa da kansu. Allunan shaguna, da rubutun jikin motoci, da rasit, da lambar da ke jikin buhun zoɓo, duka abin karantawa ne. Yaron da zai girma yana ciniki da naira da sefa, yana karɓar saƙon kuɗi ta waya, in bai iya karatu ba kullum dukiyarsa tana hannun wanda ya karanta masa. A kuma sani Hausar da ake bugawa a Nijar tana da ɗan bambancin rubutu, inda mu muke sa 'y su harafi mai ƙugiya suke sawa, watau ƴ, don kada malami ya ga littafinsu ya ce kuskure ne. 'Ya'yan Fulani na rugage kuwa, waɗanda aka kafa wa hukumar ilmin makiyaya a 1989, wasunsu suna zuwa aji ɗaya Hausarsu ba ta nuna ba. Irin waɗannan sai an ƙara musu lokacin magana da hoto kafin a matsa musu da harafi.

Game da harshen koyarwa, manufar Gwamnatin Tarayya ta sauya fiye da sau ɗaya. Ta 1977 ta ce a fara da harshen gida a azuzuwan farko. A 2022 aka ce a kai shi har ƙarshen firamare. A watan Nuwamba na 2025 kuma Ministan Ilmi ya ba da sanarwar komawa ga Turanci. Wannan magana ce ta manya, ba a zauren hakimi za a yanke ta ba. Abin da ya tabbata shi ne haɗa harafi da murya sau ɗaya ake koyonsa a rayuwa, ya kuwa fi saurin shiga da harshen da yaro ke ji. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida, ya nuna ba su kasa takwarorinsu ba ko a Turancin kansa. Saboda haka kada wani ya ji sanarwa a rediyo ya kwashe littattafan Hausa ya mayar kabad.

Abin da hakimi zai yi in ya fita rangadi

Ba a bukatar hakimi ya zama sufeton makaranta. Abin da ake roƙo bai fi rabin sa'a ba. In ya sauka gari ya biya makaranta ba tare da an sanar ba, ya shiga aji uku, ya zaɓi yara biyar da kansa, maza da mata, har da na layin baya, gama in malami ne ya zaɓa zakarun ajin zai kawo. Malamin hakimi ya riga ya rubuto 'yan jimloli a takarda da manyan haruffa, waɗanda ba su cikin littafin aji, misali: Musa ya kai akuya kasuwa. Ya sayar da ita. Ya sayo gero da gishiri. Kowane yaro ya karanta shi kaɗai, a tambaye shi me Musa ya sayo. Ba a yi wa yaro tsawa in ya kasa, ba a kuma kunyata malami gaban ɗalibansa, domin sau da yawa shi kaɗai ne a kan aji mai cike maƙil, wani ma ba a taɓa nuna masa yadda ake koyar da gaɓa ba. Sa'an nan hakimi ya ce a buɗe kabad ya gani.

Malamin hakimi ya ajiye littafi guda domin wannan aiki kaɗai. A ciki ya rubuta sunan makaranta, da ranar zuwa, da yara nawa cikin biyar suka karanta, da littattafai nawa ke hannun yara, nawa ke kulle, da halin rufi da allon bango. A aika da kwafi ga Sakataren Ilmi na ƙaramar hukuma, a kuma karanta wa kwamitin makaranta da dagaci da liman, don iyaye su ji da kunnensu. Bayan wata uku a koma makarantar, a zaɓi wasu biyar dabam. Zuwan farko ya fi kyau ya kasance kafin ruwa ya sauka, domin a ɗaga littattafai daga ƙasa a ɗora bisa benci nesa da bango, a kuma toshe inda ke yoyo. Na biyu kuwa bayan an gama yankan riɗi, lokacin da yara suka komo aji.